Ruwan da Ya Halatta Alwala, Ya Kashe Mini Tarwada

 Da yawanku kun ga ruwa mai wari yana malala daga ƙofar gidana bara, wasu sun yi ƙorafi a bayan ido, kuma sun yi gaskiya. Bari in ba da labarin da bakina, ko wani ya tsira da kuɗinsa.

Sana'ata hatsi ce, kowa ya sani. Ina ɗauko gero da wake daga ƙauyukan Fika da Gadaka in kai Potiskum. Da jiki ya fara ƙin hawa mota, sai na ce bari in nemi abin da zan riƙa dubawa a gida tsakanin azahar da la'asar. Na kai sa ɗaya kara ran Laraba na sayar, na haɗa da kuɗin adashin uwargida, na gina kwami biyu na siminti a bayan gida. Kuɗin adashin nan su ne suka hana ni barci daga baya.

Magini ya gama shafe ran Alhamis. Litinin na cika ruwan burtsatse, na zuba 'ya'yan tarwada 500. Ruwan garau, kana hango ƙasan kwamin. Mu da muka karanta Ahalari da Ishmawi, abu uku muke dubawa a ruwa: launi, ɗanɗano, ƙamshi. Babu wanda ya jirkita. Wallahi a cikinsa na yi alwalar magariba ranar.

Kwana na uku na dawo daga asuba na haska tocila, sai ga su birjik sun juya ciki sama, fatarsu ta yi fari-fari kamar an watsa musu tafasasshen ruwa. Kafin Juma'a abin da ya rage bai kai 60 ba. Na fara zargin wanda ya sayar mini. Har na fara zargin baki, Allah Ya yafe mini.

Ɗan ƙanena da ya karanci kiwon kifi shi ya zo da wasu 'yan takardun gwaji, ya tsoma ɗaya ta rine. Ya ce, “Baffa, ba kifin ba ne, siminti ne.” Ashe sabon siminti yana tsatso da wani abu mai zafi irin na toka cikin ruwa. A ma'aunin da suke kira pH, tarwada tana son tsakanin 6.5 zuwa 8.5, nawa ya haura 10. Maganinsa a cika kwami, a bar shi ya jiƙu, a zubar, a goge bango, a sake, na tsawon makonni. Wasu ma kan rataya buhun kashin kaji a ciki har bangon ya yi kore ya yi santsi.

Sai ya kawo magana ta biyu, wadda ta fi ɗaure mini kai. Kifi da kansa yana fitar da guba, ammoniya, kashinsa da ragowar abinci ma suna ruɓewa su ƙara ta, kuma ta fi illa idan ruwa ya yi zafi. Ko dai ka yi ta zubar da ruwa kullum, wanda shi ne na cuce ku da shi a lungu da 'yan kifin da suka tsira, ko ka yi wa wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani gida. Wani iri yana mai da ammoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, wani irin kuma ya mai da wannan naitiret, mai sauƙin illa. Gidansu kuwa jikin dutse ne.

Nan na tuna wani abu a Jidda lokacin da na je umra. A wani shago na ga akwatin gilashi da kifayen teku masu launi kamar an yi musu rini, da murjani a raye. Kusa da shi ga wani akwatin, ba komai ciki sai ruwa da duwatsu, inji yana ta aiki. Na ce wa abokin tafiyata, ka ga masu kuɗi, har dutse suke kiwo. Yaron nan ya yi dariya ya ce, “Baffa, ai abin da za ka yi ke nan.” Su suna dama gishiri kamar giram 35 a kowace lita don ya yi daidai da teku, su jera dutse mai huji-huji, su jefa ɗan abinci ya ruɓe, su jira mako huɗu zuwa shida suna gwaji kafin su sa kifi ko ɗaya. Inda muka bambanta, su suna son dutse mai farar ƙasa, irin wanda ake yin siminti da shi a wajen Ashaka. Ni da siminti ya riga ya ƙona, shi nake gudu. Duk dutsen da na tsinto sai in matsa masa lemon tsami, in ya yi kumfa in jefar.

Na wanke duwatsun ba sabulu ba omo, na shanya, na cika ganga da su, na sa ƙaramin famfo mai sola yana ɗaga ruwan kwami ya bi ta cikinsu ya dawo. Kullum in barbaɗa abincin kifi ɗan kaɗan a ruwan da babu kifi. Da yake hunturu ne, sanyi ya rage wa ƙwayoyin sauri, sai da na yi mako bakwai. Kai, na sha tsiya. In na fito masallaci sai in ji, “Liman, yau duwatsun sun karya kuwa?” Ni da nake yi wa mutane wa'azin haƙuri bayan isha'i, sau biyu ina kama hanyar sayo kifi ina dawowa.

Ranar da gwajin ammoniya da na naitirait duk suka nuna babu, na zuba 200 kacal, a kwami ɗaya. Yau watansu uku, bakwai ne suka mutu. Kuɗin adashi dai ban mayar ba tukuna, kuma ita ke ƙirga kifin duk safiya, ba ni ba. Takardun gwajin akwai saura a wurina. Mai shirin gina kwami ya same ni a zaure bayan la'asar, ya zo da ruwansa a gora.