Takalmin Aro a Ƙasar Ayalan

'Yan'uwana ɗalibai, mu da muka koyi Hausa da girmanmu mun sha jin ana cewa kalmar aro gurɓata harshe take yi. Wannan magana ta daɗe tana damuna, domin ni kaina a wajen wasu aron harshen na yi. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne sunayen takalma a harshen Ayirish, wato harshen asali na ƙasar Ayalan da ke yamma da Ingila.

A wannan harshe ana kiran takalmi "bróg". Duk yaron da ya tashi da harshen zai rantse cewa gadon kakanninsa ce, alhali baƙuwa ce. Mayaƙan teku na arewacin Turai da ake kira Viking sun fara kai wa Ayalan hari a shekarar 795, kuma a 841 suka kafa sansani a inda birnin Dublin yake a yau. A harshensu "brók" na nufin wando. Da kalmar ta shiga bakin mutanen Ayalan sai ta zame daga ƙugu ta sauka ƙafa, ta koma takalmi. Tsohuwar kalmarsu "cuarán" ba ta mutu ba, ta dai tsaya a kan takalmi mai maɗauri irin sandal.

Daga baya Turanci ya kawo nasa kason: "buatais" ga takalmi mai dogon wuya, "stoca" ga safa, sai "slipéar", wadda tushenta ɗaya da silifa ɗinmu. Abin sha'awa, a ƙarni na 16 Turanci ma ya ari "bróg" ya mai da ita "brogue", sunan takalmin fata mai ƙananan huji da ake sayarwa har gobe.

To, shin aro ne ya raunana Ayirish? A'a. Ya yi ɗaruruwan shekaru yana aro yana nan daram. Abin da ya durƙusar da shi shi ne mulkin Ingila, da yunwar 1845 zuwa 1852 wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu da dama zuwa Amurka, sannan iyaye suka koma yi wa 'ya'yansu Turanci.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu rage fargabar kalmomin aro. Abin tsoro shi ne ranar da uwa za ta ji kunyar yi wa ɗanta magana da harshenta.