Yini guda a Kwatanu

Lokaci-lokaci wani farin jirgin ruwa na masu yawon buɗe ido yakan yada zango a tashar Kwatanu. Da hantsi fasinjojinsa ke sauka, galibinsu dattawan Turawa, kafin magariba kuma a kwashe su a nufi gaba. Yini guda ke nan. Ɗan kasuwar Ƙonni wanda ya taɓa ƙirga makonni yana jiran kwantenarsa a wannan tasha, in ya ji haka sai murmushi.

Me ake nuna musu? Wasu a kai su Ganbiye, garin da aka kafa bisa turaku cikin tabkin Nokuwe, inda kasuwa ma cikin kwalekwale take ci. Wasu a kai su Wida, kilomita kamar 40 yamma, su bi hanyar da aka kora bayi har bakin teku, inda aka gina ƙofar tunawa da su a shekara ta 1995. A komowa a tsaya gaban mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30, wanda aka ƙaddamar a 2022, a ɗauki hoto. Duk sun cancanci gani. Amma ita tashar da suka ratsa safe da yamma, ba mai ce musu uffan game da ita.

Alhali kuwa, gare mu, nan labarin yake. An buɗe ta a 1965. Kafin nan jirage can nesa suke tsayawa, ana jidar kaya da ƙananan jirage zuwa wata doguwar gada ta ƙarfe. Tun 1959 Nijar da Dahome suka haɗa hannu bisa hanyar jirgin ƙasa, sai dai dogon ya tsaya Faraku, kilomita 438 daga teku, bai ƙara gaba ba. Daga can manyan motoci suka riƙa ɗauka: Malanbil, gada, Gaya, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni. Shinkafa, man girki, ƙarfen gini, tsofaffin motocin Turai, shekaru da yawa ta nan suka biyo, ta nan kuma uraniyom na Arlit ya yi ta fita. Ma'aikacin gwamnati ma ya sani, abin da duwan ta karɓa a Gaya na cikin albashinsa.

Da baƙon jirgin zai hau zemijan, ɗan kabu-kabun nan mai rawayar riga, cikin mintoci kaɗan zai kai Zongo, ya ji Hausa kamar yana kasuwar Illela: masu canji, mahauta, masu masauki. Albasar Galmi kuwa ta daɗe da yin suna a Dantokpa, babbar kasuwar bakin ruwa.

Bayan juyin mulkin Yuli 2023, CEDEAO ta sa aka rufe iyaka, kwantenoni suka taru a tashar, motoci suka yi jerin gwano a Malanbil. A Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumi, Benin ta buɗe nata gefe, Yamai ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro. Kaya suka karkata Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori zuwa Tera da rakiyar soja, kuma mai sayen buhun shinkafa a Malbaza shi ya biya wannan zagaye. A watan Mayu na 2024 aka yi wa jirgi na farko lodin ɗanyen man Agadem a Seme, gabas da Kwatanu, ta bututu mai tsawon kilomita kusan 2000. A lokacin, fatake da buhunansu cikin kwalekwale suke ƙetare kogin Kwara, suna hangen gada.