Bargon Ƙyallaye

Da hunturu ya kama a Gusau, albashinmu na koyarwa bai kai ga sabon bargo ba, sai muka juye buhun ƙyallayen da muka daɗe muna tarawa. Bayan sallar isha'i, in mun gama duba littattafan ɗalibai, mukan ɗauki allura da zare mu shiga haɗi. Autarmu, 'yar shekara 3, ita ke zaɓo mana ƙyalle, ita ke kuma ɓoye almakashi.

Kowane ƙyalle da tarihinsa. Ga guntun yadin masaƙar Gusau, wadda tuni ta rufe. Ga ragowar ankon bikin yayarmu a Bungudu a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara. Ga kuma saƙin kakar yarinyar, wanda ta kaɗa zarensa da audugar gonarsu a wani ƙauyen Tsafe. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyen, jikar ba ta taɓa taka shi ba.

Saƙin muka sa a tsakiya. Daren jiya ta ɗora yatsa a kansa ta ce, "Umma, wannan na wane ne?" Muka ajiye allura, muka soma ba ta labari.