Ranar da na saka kaina a rukunin manya

Wata huɗu na yi ina SIWES a sashen kwamfuta na wata ma'aikata, bayan mun gama ND I. Ba zan faɗi sunanta ba, don har gobe ina jin nauyin ogana. A makon farko aikina bai wuce ɗaukar igiyoyi da sayo fiya wata ba. A mako na uku ne Oga ya zaunar da ni gaban wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙugi a lungu, ya ce, "Ka ga wannan? Duk wanda zai hau intanet a gidan nan, sai ya bi ta kanta."

Furoksi ke nan, wato mai gadin ƙofar intanet. Manhajar da ke kanta Squid ce, tana sauraro a ƙofa mai lamba 3128. In ka buɗe burauza, sai ta tare ka da tambaya biyu, ni kuwa da na ɗauka ɗaya ce. Ta farko: wane ne kai? Ka ba da suna da kalmar sirri. Ta biyu: to, ina aka yarda ka shiga? Amsar wannan ba ta wurin Squid. Sai ya aika wani ɗan aikensa ya tambayo kundin sunayen ma'aikata, Active Directory, da yaren da ake kira LDAP: wane yana cikin rukuni kaza? In an ce e, ya buɗe. In an ce a'a, ya rufe.

Rukuni uku ne a wurin. Na ƙananan ma'aikata, imel da shafukan aiki kawai. Na masu kuɗi, an ƙara musu shafukan banki. Sai na manya, wanda ba a hana shi komai. Hikimar ita ce ba sai an rubuta wa kowane mutum dokarsa ba. An yi wa mutum canjin ofis? A cire sunansa nan, a saka can, shi ke nan.

Da Oga ya ga na fara ganewa, sai ya ba ni ikon saka suna da cirewa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, ranar wata Laraba da kowa ya tafi sallar azahar, na saka kaina a rukunin manya. Dalili? YouTube. Ina son ganin ƙwallayen da aka ci daren jiya, datata kuma ta ƙare. Danna biyu ne kawai. Ban ma ji kamar na yi wani laifi ba.

Ƙarshen wata ya zo. Wata Hajiya da aka dawo da ita sashen kuɗi daga rajista ta shigo ofishinmu da fayil a hammata. Ita za ta tura albashin masu shara da masu gadi a ranar, shafin banki kuma ya ƙi buɗuwa. Akwatin kalmar sirri sai dawowa yake yi. Ta ce, "Ɗana, sau nawa zan rubuta abin nan? Ni fa ban manta ba."

Gaskiyarta. Kalmarta daidai take, sunanta ne ba ya rukunin masu kuɗi. Squid yana da wata ɗabi'a mai ruɗarwa: in sharaɗin ƙarshe a layin da ya hana ka ya shafi sunan mai shiga, maimakon ya ce "ba ka da izini", sai ya sake tambayarka kalmar sirri, ko za ka zo da wani sunan da ya cancanta. Mai amfani kuwa sai ya yi ta zargin yatsunsa.

Oga ya fita. Na ce, "Hajiya, yanzun nan." Na saka ta a rukunin, na ce ta gwada. Ya ƙi. Na cire, na sake sakawa. Ya ƙi. Zufa ta keto mini duk da esi. Ta leƙa taga, ta nuna mini wani dattijo mai gadi da ya zo tambaya karo na biyu, ta ce, "Baban can kuɗin maganin matarsa yake jira."

Abin da ban sani ba shi ne Squid ba ya komawa kundin kowane lokaci. Yana riƙe amsar da aka ba shi, in ba a canza saitin ba har daƙiƙa 3600, awa guda cur, ko amsar e ce ko a'a. Ya riga ya ji "a'a" game da Hajiya, ya ɗaure a haɓar zani. Da Oga ya dawo, layi ɗaya ya rubuta, ya sa Squid ya sake karanta tsarinsa, shafin ya buɗe. Hajiya ta yi hamdala ta fita da sauri, ko kallona ba ta yi ba.

Na ɗauka an gama. Ashe tunda ya zauna, sai ya ce bari ya duba rukunonin gaba ɗaya. A na manya muka tarar da sunan wani da ya yi ritaya tuntuni, da na direban wani darakta, da wani asusun gwaji da ba wanda ya tuna wa ya buɗe shi. Ƙasa da su, ga sunana.

Bai ɗaga murya ba. Ya buɗe fayil ɗin da Squid ke rubuta shige da fice, inda kowane layi ke ɗauke da lokaci da sunan mai shiga da inda ya je. Ya tace da sunana. Kwana tara na ƙwallo suka jero a allo, har da lokacin da na ce masa ina gyaran firinta.

"Malam," ya ce, kuma bai taɓa kirana Malam ba, "Hajiya da hakkinta ta yi kusan awa tana roƙo. Kai wa ka roƙa?"

Ya miƙo mini linzamin ya ce in cire sunan da hannuna. Na cire. Ya karɓe ikon da ya ba ni, ya ce in zana fom ɗin da shugaban sashe zai riƙa sa wa hannu kafin a saka kowa a kowane rukuni. Ni na buga shi, ni na riƙa yawo da shi ofis-ofis har na gama wata huɗuna. A littafin SIWES ɗina na wannan makon, abin da na rubuta shi ne "gyaran rukunoni". Oga ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya sa hannu.