Fijon Baba, bayan shekara tara a ƙarƙashin rumfa

Da wuya ki zagaya tsofaffin gidaje a ƙasar Bukkuyum, Anka ko Gummi ba ki ci karo da wata Fijo 504 da aka ajiye a gefe ba, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. A Faransa aka fara ƙera wannan mota a 1968, amma mu ta Kaduna muka sani, inda kamfanin Fijo ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975. Ita ce motar ma'aikacin gwamnati, ita ce tasi, doguwar kuma mai layin kujeru uku har motar ɗaukar marasa lafiya aka yi da ita a asibitoci da yawa.

Irin wannan doguwar Baba ya bari a gidanmu na Tungar Guru, Allah ya jiƙansa. Tun rasuwarsa ba wanda ya tayar da ita. Da aka zo rabon gado aka yi mata kuɗi, ta faɗa a kasona da na yayana, sai muka bar ta a inda take har shekara tara. Bara 'yan gwangwan suka zo suka taya. Yaya ya so a sayar, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu motoci masu lafiya ma sun koma babur.

Ni kuwa lissafina daban ne. Matarsa tana da ciki wata biyar, kuma haihuwarta ta baya sai da aka yi mata aiki. A wurin aikina na sha karɓar mata masu naƙuda da aka ɗauko a babur, an sa su tsakanin mutum biyu, jini ya jiƙe zane tun a hanya. Na ce masa, “Yaya, ka ba ni wata biyu. In ba ta tashi ba, ka kira masu gwangwan da kanka.” Inna ba ta sa baki ba, sai dai washegari ta ciro makullin daga cikin adakarta ta miƙo mini.

Bakaniken da muka samo dattijo ne daga Gummi, wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙarƙashin Fijo. Yaya na ganinsa ya ce a ɗauro batir a gwada. Dattijon ya girgiza kai. “A'a ɗana, wagga mota ba a taɓa mata makulli yau.” Bayaninsa shi ne, injin da ya daɗe a tsaye duk baƙin man da ke jikin ƙarafansa ya gangara ƙasa, in aka murza shi a bushe sai ya ci kansa. Ya kwance fulogi huɗun, ya ɗiga mai kaɗan a kowane rami, ya ce a bar shi kwana biyu. Da ya dawo, da sifana ya juya injin a hankali, yana kasa kunne. Ya juyu. Nan ne na ga ya yi murmushi karo na farko.

Kafin nan sai da aka yi shara. Ɓeraye sun yi sheƙa a cikin tukunyar iska, sun ci wayoyi a wuri uku, aikin da ya sa aka ɗauko rewaya. An juye tsohon baƙin mai, an canza matata. Fetur ɗin da ya rage a tanki ya zama ja, mai danƙo, yana warin fenti. Aka sauke tankin aka wanke, aka wargaza kafireto aka busa kowace kafa.

Tsohon batir ɗin ne ya tsayar da ni. Ya tsage a gefe, farin gari ya taru a kansa, ga yaran gida sun yi cirko-cirko suna jiran a ba su su fasa. 'Yar uwa, abin da ke cikin batirin mota dalma ce da ruwa mai ƙuna. Mu a wannan yanki ba a yi mana wa'azin dalma. A 2010 gubarta, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje, ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Tungar Guru na cikin garuruwan da aka kankare ƙasar gidajensu aka zubo sabuwa, likitocin MSF suka yi ta ba yara magani. Na sa aka ɗaure batir ɗin a buhu, aka kai wa mai sayar da sabo ya rage mana kuɗi, aka kuma kwashe ƙasar da ya ɗiga a kai. Haka da yaron bakanike ya kai tiyo baki zai zuƙo fetur, na hana shi. In fetur ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ciwon da yake jawowa ba ƙarami ba ne. Sauran man da aka juye kuma ban yarda a zuba a gorar lemo ba, don ta haka yara ƙanana suke shan fetur da kananzir a kawo mana su.

Ranar da ta tashi sai da muka tura ta waje tukuna, domin hayaƙin mota a rufaffen wuri yana kisa ba tare da mutum ya ji warin abin da ke kashe shi ba. Ta yi tari, ta yi tari, ta kama. Inna na daga ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sai kuma matsalar da ta kusa sa Yaya ya ci gardama. Motar za ta tashi lafiya, a yi tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin, sai ta fara shaƙewa, ta mutu. A jira kaɗan, ta sake tashi. Wanda ba ɗan nan ba zai ce ai abu ne mai sauƙi. Amma duk wanda ya san halin da hanyoyinmu suke ciki a waɗannan shekaru ya san motar da ke mutuwa a tsakiyar daji ta fi rashin mota haɗari, balle da mai naƙuda a ciki.

Dattijon ya bi abin ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ya burge ni, domin bai canza abu biyu a lokaci guda ba. Ya zargi koyil, cewa yana zafi ya daina ba da wuta. Aka ara wani aka ɗaura, ba ta canza ba. Ya duba kwantak, lafiya lau. Ya sa sabuwar matatar mai ko tsatsar tanki ce ke toshe hanya. Ta sake mutuwa a kusan wuri ɗaya. Kwana huɗu muna wannan, ina tasowa daga aikin dare ina shiga mota.

A rana ta biyar, da ta mutu, yaronsa ya buɗe murfin tanki don ya ga ko mai ya ƙare, sai muka ji “fuuu”, iska ta ruga ciki. Wannan ƙarar na san ta. Akwai ruwan magani da ke zuwa a kwalba mai tauri. In an ɗaura wa mara lafiya ba a buɗe masa kafar iska ba, zai ɗiga na ɗan lokaci ya tsaya cak, alhali kwalbar a cike take. Na ce, “Baba, ta ina tankin nan yake shan iska?” Ya dube ni, ya kwanta a ƙasa ya bi wani siririn tiyo da hannu. Zanzaro ne ya cika bakinsa da laka, ta bushe kamar siminti. Famfo na jan mai, iska ba ta maye gurbinsa, har jan ya gagara. Da ɗan guntun waya aka zokale shi. Dattijon ya tashi yana kakkaɓe riga yana dariya: “Ɗiyata, da kin biyo mu gareji da mun rasa abinci.”

Birki ne ya fi cin kuɗi, kuma a nan ban yi ciniki ba. Man birki yana shan danshi in ya daɗe, robobin ciki su taurare, sai ki taka ki ji ƙafa ta tafi ƙasa. An canza man, da robobin, da tiyoyin. Haka tiyon lagireto da fanbel. Tayoyin kuwa a ido zanensu bai cinye ba, Yaya ya so a bar biyu. Ki duba gefen tayar motar maigidanki, akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Namu duk sun haura shekara goma, gefensu ya yi tsaga-tsaga kamar faso. Aka sauke su duka. An sabunta takardu da inshora.

Abin da na kashe ya ɗara abin da 'yan gwangwan suka taya, nesa ba kusa ba, kuma Fijo ba ta wasa da mai. Shi ya sa muka kafa mata doka: ba biki, ba kasuwa. Kowace Juma'a ana tayar da ita a zagaya da ita, tanki ba ya sauka ƙasa da rabi, makulli yana hannun Inna. Matar Yaya ba mu jira naƙuda ba. Mako biyu kafin lokacinta, da hantsi, muka kwantar da kujerar tsakiya muka kai ta gari kusa da asibiti. An yi mata aiki, ta sami 'ya mace. Daga baya motar ta kai wani yaron maƙwabta da zazzaɓi ya sa shi jijjiga, da wata tsohuwa da ta karye a ƙugu.

Har yanzu gilashin ƙofar baya ta hagu ba ya sauka, allurar da ke nuna yawan mai kuma ta maƙale, da sanda muke aunawa. Dattijon ya ce sai dai a nemo na tsohuwar mota a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, kuma mun ba wani direban da ke zuwa Kano saƙo tun watan jiya.