Ranar da na roƙi likita ya sa min ruwan naƙuda

1/ Ina sati 37 na shiga wurin likita ina jan ƙafa, na ce don Allah a sa min ruwan naƙuda yau in huta. Ba wasa nake ba, har jakar kayan haihuwa na taho da ita.

2/ Ciwon a ƙashin mara yake, kamar ana tsaga ni biyu. Sallah a zaune, juyi a gado sai maigida ya kama ni. Daga gidanmu a Gobarau zuwa makaranta cikin Napep, duk ramin da muka faɗa sai na yi salati. Ga jarabawa ta matso.

3/ Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, haka ciki yake, tara na haifa ban roƙi kowa ba." Maƙwabciya kuma ta aiko da jiƙo, wai yana kawo naƙuda. Ban sha ba, amma wallahi na daɗe ina kallon kofin nan.

4/ Likitan bai raina ciwon ba. Ya ce jijiyoyin ƙugu ne suka saki saboda haihuwa ta kusa. Sai dai in babu hatsari gare ni ko jaririn, ba a son tayar da naƙuda kafin sati 39, don huhunsa bai gama ƙwari ba.

5/ Na yi kuka a gabansa, ko kunya babu. Ya rubuta min bel na ɗaure ƙugu, ya ce in riƙa kwana da filo tsakanin gwiwoyi, in dawo a sati 39 mu sake magana.

6/ Yau saura kwana 9. Jakar tana nan bakin ƙofa, ban kwance ta ba.