Tun Yaushe Kake Haka?

Mu dai idan muka je asibiti, ba mu cika yarda an duba mu ba sai an ɗebi jini, ko an tura mu hoto, ko aƙalla an ɗaura mana abin awon hawan jini a dantse. Likitan da ya zauna yana ta jero tambayoyi, da an fito sai gunaguni: “Surutu kawai ya yi mini, ko allura babu.” To, akwai larurar da ba ta da wani gwaji sai wannan surutun. Ita ce larurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ADHD. Jini ba ya nuna ta. Hoton ƙwaƙwalwa ma ba ya iya cewa wane yana da ita, wane ba shi da ita. Kayan aikin likita a nan kujera ce da takarda, sai awa ɗaya ko ɗaya da rabi na tambaya da saurare.

An daɗe ana ɗaukar ta a matsayin ciwon yara. A 1902 George Still ya yi laccocinsa a Landan kan yaran da ba sa iya tsayar da hankali wuri guda, kuma shekaru da dama bayan haka ana zaton da yaro ya balaga abin zai wuce. Ga da yawa ba ya wucewa, kama kawai yake sauyawa. Yaron da ke haura katanga ya zama magidancin da ba ya iya zaman taron unguwa na awa guda ba tare da ya fita “amsa waya” sau uku ba. Ƙiyasin da ake yawan kawowa shi ne kimanin kashi 5 cikin 100 na yara, da kimanin kashi biyu da rabi cikin 100 na manya.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ƙanƙantar abubuwan da ake tambaya. Littafin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka, DSM-5, wanda ya fito a 2013, ya jera alamomi 18, tara na rashin natsuwa, tara na yawan motsi da garaje. Ba wata alama mai ban tsoro a ciki. Kana yawan yar da makulli ko waya? Ana yi maka magana ido cikin ido hankalinka yana wani wuri? Kana fara aiki ka bar shi rabi? Kana ba da amsa kafin a gama tambaya? Tsayuwa a layi tana ƙona maka rai fiye da kowa? Duk wanda ya karanta sai ya ga kansa a ciki, ni ma haka, kai ma haka. Shi ya sa aka kafa sharuɗɗa. Babba mai shekara 17 zuwa sama sai ya cika biyar cikin tara a ɗaya daga ɓangarorin biyu, inda yaro ke buƙatar shida. Sai alamomin sun kai wata shida. Sai sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, ba wai a ofis kaɗai ba inda mutum ya tsani shugabansa. Sai sun jawo ɓarna ta gaske a rayuwa. Kuma sai an tabbatar wasu daga cikinsu sun fara kafin shekara 12.

Ɗauki teloli biyu ana saura kwana uku Sallah. Dukansu sun saɓa alkawari, dukansu an zage su. Na farko ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa ne don kuɗi, ya san sarai na wa zai gama, na wa zai bari, kuma na Alhajin da ke biya da kyau yana rataye a goge tun jiya. Na biyu ya yanka shadda biyar bai haɗa ko ɗaya ba, ya manta inda ya rubuta awon mutane, almakashinsa na uku ke nan a wata ɗaya, kuma 'yarsa ta cikinsa da tsohon kaya za ta je Idi. A bakin shago ba a bambanta su. A gaban mai tambaya da ya iya aikinsa kuwa, minti goma sun isa hanya ta rabu, domin na farko yana iya natsuwa duk lokacin da ya ga dama, na biyu kuwa ko asara tana kallonsa ba ya iyawa. Wannan ma bai isa a yanke wa na biyu hukunci ba. Ya dai isa a ci gaba da tambaya.

Daga cikin takardun da ake bi wajen wannan tattaunawa, wadda ta fi yaɗuwa ita ce DIVA, aikin Sandra Kooij da abokan aikinta a ƙasar Holan, wadda aka sabunta ta dace da DSM-5 a 2019. Tsarinta mai sauƙi ne. Kowace alama ana tambayar ta sau biyu, yadda take yanzu, da yadda take tsakanin shekara 5 zuwa 12, kowacce da misalai a ƙarƙashinta. A ƙarshe a duba ɓarnar a fannoni biyar: aiki da karatu, aure da iyali, hulɗa da jama'a, lokacin hutu, da yadda mutum ke kallon kansa. Sai dai misalan daga rayuwar Turai aka ciro su, irin su mantuwa da alkawarin da aka rubuta a kundi. Mutumin da bai taɓa rubuta alkawari a kundi ba zai ce a'a, kuma gaskiya ya faɗa.

Dole mai tambaya ya nemo misalin da ke cikin gidanmu. Babu kamar aike. Kowane gida ya san yaron da ake aika sayen manja ya dawo da kalanzir, ko a tsinto shi bayan la'asar wajen masu ƙwallo, kuɗin suna hannunsa, ya manta ma an aike shi. Akwai makarantar allo, inda wani yaron ke shekara bai bar wuri ɗaya ba, ba don ƙwaƙwalwarsa ba ta ja ba, sai don kullum idonsa na kan ƙadangaren da ke bango. Akwai salla. Kowa yana rafkanwa, shi ya sa ake koya mana ƙabli da ba'adi tun muna yara, har malaman Malikiyya suka ware hukunci na daban ga wanda kokwanto ke addabarsa kullum. Amma nan ma sai an rarrabe. Wani hankalinsa ne ya tafi kasuwa tun raka'ar farko. Wani kuwa yana nan daram, ya ƙirga daidai, zuciyarsa ce ta ƙi yarda, yana ta maimaita alwala. Na biyun wata larura ce daban, maganinta ma daban. Tambayar da ta fi kowacce amfani a ɗakin ita ce, “Malam, ba ni misali na makon nan.”

Sai babbar tambaya, tun yaushe. Kafin 2013 sharaɗin shekara 7 ne, aka ɗaga shi zuwa 12 saboda an ga manya ba sa iya tuno abin da ya faru da su da wuri haka. Wurinmu ko 12 ɗin aiki ne. Mutum mai shekara hamsin da aka haifa a ƙauye sau da yawa ba shi da takardar haihuwa, shekarunsa ma kintace ne. Ba a ce masa “kana ɗan shekara goma”. Sai dai a ce lokacin kaciya, ko shekarar da ya fara azumi cikakke, ko kafin ya shiga aji shida, ko kafin a kai shi gabas karatu. Mace kuma a ce kafin a fara hana ta fita talla, ko kafin a sa mata rana.

An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma a nan bakin mai ita bai wadatar ba. DIVA ta ba da shawarar a zo da wanda ya san mutum yanzu, kamar miji ko mata, da wanda ya san shi yana yaro, galibi uwa ko uba. Ba don ana zargin mara lafiya da ƙarya ba ne. Tunanin yarinta ne ba shi da amana. A garin Dunedin na New Zealand an bi yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973 tun suna ƙanana har suka kai shekara 38. Da Terrie Moffitt da abokan aikinta suka fitar da sakamako a 2015, sai aka ga kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka cika alamomin a girmansu ba a same su da larurar ba suna yara, abin da har yau masana ke jayayya a kansa. Aka kuma ga cewa mafi yawan iyayen yaran da aka tabbatar suna da ita sun manta da hakan bayan shekara ashirin. A can ke nan, inda aka rubuta komai aka adana.

Yanzu ka kawo wannan shawara ta “a zo da uwa” gidan Bahaushe. Idan mutumin ɗan fari ne, uwar da ko sunansa ba ta faɗa, yaya za ta zauna gaban baƙo ta kwashe labarin yarintarsa? Alkunya ba za ta bari ba. Za ta sunkuyar da kai ta ce, “Yaro ne kamar kowane yaro, likita.” Uba kuma yana gona ko kasuwa ko fatauci, abin da ya sani shi ne ranar da aka kawo ƙara ya yi bulala. Wataƙila ma ba a gidan aka rene shi ba, riƙo aka ba da shi tun yaye. Shaidar gaske tana wurin goggo, ko kaka idan tana raye, ko yayar da ta goya shi. Kaka kam ba ta da abin ɓoyewa, tsakaninta da jika wasa ne. Ka ce mata, “Hajiya, yaya yake yana yaro?” sai ta gyara zama: “Wannan? Ai bai taɓa cinye tuwo a zaune ba. Takalmi kuwa har na daina saya masa.” Jimla biyu, ta cika gurbi biyu a takardar likita. A ganina, mai tambayar da ya ce “zo da mahaifiyarka” ya tsaya nan, rabin aikin ya yi. Kamata ya yi ya ce, “Wa ya fi kowa shan wahalarka kana yaro?” Mutum ba ya rasa amsar wannan. Takardar sakamakon firamare ma shaida ce idan gara ba ta ci ba, musamman layin nan na ƙasa inda malamin aji ke rubuta cewa yaron yana da ƙoƙari amma wasa ya yi masa yawa.

Sharaɗin ɓarna shi ma yana da nasa ɓoyon. Da yawa suna tafiya lafiya ne saboda wani yana riƙe musu abin da hankalinsu ke saki. Yaron shago ne ke tuna wa ake bi bashi. Uwargida ce ke ajiye makulli, ta san ranar biyan kuɗin makaranta, ta tuna masa ɗaurin auren da ya yi alkawari. Ka tambaye shi, zai ce ba shi da matsala, kuma har zuciyarsa haka ne. Matar za a tambaya. Abin yakan fito fili ranar da yaron shago ya buɗe nasa, ko aka ƙara wa mutum girma zuwa kujerar da ba mai tuna masa komai. Mata kuwa sukan wuce ba a lura ba tun farko, domin yarinyar da ba ta haura katanga, tana dai zaune shiru hankalinta ya yi nisa, ba wanda ke kai ƙararta. Sai ta yi aure, girki ya riƙa ƙonewa, a ce ƙazama ce ko ba ta samu tarbiyya ba, ta shekara ashirin ita ma tana ganin haka ne.

Wani kaso mai yawa na zaman ba neman larurar ake yi ba, neman abin da ya yi kama da ita ake yi. Ciwon damuwa yana kwashe natsuwa, fargaba ma haka. Wanda ke kwana yana minshari numfashinsa na sarƙewa zai wuni kamar ba ya cikin jikinsa, haka wanda zafi da sauro da waya suka hana barci. Ciwon maƙoƙo yana kawo rawar jiki da rashin zama. Sai an yi tambayar shaye-shaye kai tsaye, tiramol da kodin da wiwi, kuma ba a gaban goggo ba. Matar da ta gudo daga ƙauyensu bayan harin 'yan bindiga ba za ta iya bin zance zuwa ƙarshe ba, amma ita akwai ranar da abin ya fara, kafin ranar lafiyarta ƙalau. Mai wannan larura ba shi da irin wannan rana. Abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne sau da yawa ana samun biyu a mutum ɗaya, wanda ya sha faɗa da kora shekara talatin ba abin mamaki ba ne damuwa ta same shi daga baya.

Yanzu da yawa suna zuwa ne bayan sun amsa tambayoyi shida a waya. Galibi ASRS ce, wadda aka tsara tare da Hukumar Lafiya ta Duniya aka fitar a 2005. Tana da amfani wajen nuna wanda ya kamata ya je a duba shi, amma ba ta tambayar yarinta, ba ta tambayar barci, ba ta san an yi maka rasuwa wata biyu da suka wuce ba. Wanda ya ci makin ya je ya sayi magani da kansa ya tsallake duk abin da ke sama.

Matsalar ita ce awa ɗaya da rabi abu ne mai tsada a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma waɗanda ke asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Dawanau da Maiduguri suna fama da masu ciwon da ya fi wannan gaggawa. Ga kuma nauyin sunan wurin, magidanci mai shago da iyali ba ya son a gan shi a layin can saboda yana yar da makulli. Duk da haka ba dole ne a yi zaman a tashi ɗaya ba. Ana iya raba shi biyu, yau a yi na girma tare da matar, wani makon a yi na yarinta. Goggo ma ba sai ta hau mota daga ƙauye ba, a kira ta a waya bayan azahar, a bar ta ta gama gaisuwa da tambayar mutanen gida tukuna, sannan a ce ta ba da labarin aike.